Kura da shan bugu, gardi da amshe kuɗi

A ƙasar Amurka wasannin jami'o'i kasuwa ce mai juya miliyoyin dala kowace shekara. Waɗanda suka aza tubalinta, a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, samari ne ƴan makaranta da suka gaji da takurawar malamansu. Su suka rubuta dokoki, su suka tara kuɗi, su suka zaɓi shugabanninsu. Cikin shekara 30 abin ya kuɓuce masu. Ga yadda aka yi.

Kafin mu shiga zance, ƴan uwa masu karatu, akwai kalma ɗaya da ya kamata mu daidaita. Abin da Amurkawa ke kira koleji dabam yake da kolej ɗin da muka sani, wanda yaro ke shiga bayan firamare kafin ya wuce lise. A can makaranta ce ta shekara 4 da ake shiga bayan an gama sakandare, watau jami'a a wurinmu. A shekarar 1870 ɗaliban irin waɗannan makarantu a duk faɗin ƙasar wajen dubu 52 ne. Zuwa 1900 sun kai kusan dubu 238. Mafi yawansu maza ne, farar fata, kuma a manyan makarantun gabashin ƙasar kamar Harvard da Yale da Princeton ƴaƴan masu hannu da shuni ne suka fi rinjaye.

Rayuwa a ƙarƙashin ƙararrawa

A tsohon tsari, jami'a tana ɗaukar kanta a matsayin uwa da uba ga ɗalibi. Mafi yawan shugabannin makarantun limaman addinin Kirista ne. Ƙararrawa ke tada ɗalibi tun da asuba, ya tafi addu'ar dole a majami'a, sannan ya shiga aji ya kawo haddar Latin da Girkanci da lissafi. Ba shi da zaɓi a kan abin da zai karanta. Malamin da ya koyar da shi da rana shi ne ke zagaya ɗakunan kwana da dare, yana neman mai karta ko mai shan giya. Makara tana da tara, barin gari ba da izini ba yana da hukunci, rashin kunya kuma sai kora.

Matsi ya yi yawa, tarzoma ma ta yi yawa. A 1807 Princeton ta dakatar da fiye da rabin ɗalibanta bayan wani bore. A 1823 Harvard ta kori ɗalibai 43 daga cikin 70 na ajin ƙarshe, ana gab da ba su takardun kammalawa. A 1840 wani ɗalibi ya harbe malami har lahira a jami'ar Virginia.

Da yake aji na malamai ne, sai ɗaliban suka gina wata duniya tasu a bayan aji: ƙungiyoyin muhawara, jaridu, ƙungiyoyin asiri, da wasanni. Kowane sabon zango ƴan aji biyu kan tare sabbin shiga a fili da sunan wasan ƙwallo, alhali kowa ya san dambe ne. A 1860 magabatan Harvard suka hana wannan wasa. Ɗaliban suka amsa ta hanyarsu: suka sa ƙwallon cikin akwatin gawa, suka yi jerin gwano da bakin ciki na ƙarya, suka haƙa rami suka binne ta.

Fili ɗaya da ba na malamai ba

Karawa ta farko tsakanin jami'o'i biyu na Amurka a kan ruwa aka yi ta. Ranar 3 ga Agusta 1852 ɗaliban Harvard da na Yale suka yi tseren kwale-kwale a tafkin Winnipesaukee, cikin jahar New Hampshire, Harvard ta ci. Abin lura a nan shi ne wanda ya biya kuɗin tafiya da masauki: wani kamfanin jirgin ƙasa ne, wanda ke son jawo matafiya zuwa bakin tafkin. Tun ran gini tun ran zane. Ɗan kasuwa yana wurin tun ranar farko.

A 1859 Amherst da Williams suka yi karawar farko ta besbol, wasan da ake dukan ƙaramar ƙwallo da kulki. Ranar 6 ga Nuwamba 1869 kuma Rutgers ta ci Princeton 6 da 4 a wani wasa mai kama da balon ƙafa da muka sani, mutum 25 a kowane ɓangare. A 1874 ɗaliban jami'ar McGill ta Kanada suka kawo ma Harvard ziyara, suka nuna masu rugbi, inda ake ɗaukar ƙwallo a hannu a ruga da ita, abokin hamayya kuma ya kama ka ya kayar kamar a filin kokowa. Wasan ya shiga ransu. Ranar 23 ga Nuwamba 1876 wakilan Harvard da Yale da Princeton da Columbia suka haɗu a wani otel mai suna Massasoit a garin Springfield, suka amince da dokoki irin na rugbi. Duk waɗanda suka zauna a wannan taro ɗalibai ne. Ba malami, ba shugaban jami'a, ba wakilin gwamnati.

Haka tsarin yake a kowace makaranta. Ƴan wasa ke zaɓen kapiten ɗinsu, shi ke shirya horo, shi ke cewa wane ya shiga wane ya fita. Wani ɗalibi ne ma'aji: shi ke bin ɗaki-ɗaki yana amsar gudummawa, shi ke rubuta ma sauran jami'o'i a tsaida rana, shi ke yanka tikitin jirgi. Saurayi ɗan shekara 20, wanda da safe ba ya iya fita gari sai da izini, da maraice shi ke ƙulla yarjejeniya da kamfanoni.

Wannan ƴanci ya haifar da abubuwan da ba kasafai ake ganinsu a Amurkar wancan zamani ba. Don kakar wasa ta 1891 ƴan wasan Amherst suka zaɓi William Henry Lewis, baƙar fata, ɗan waɗanda aka taɓa bautarwa a Virginia, ya zama kapiten ɗinsu. Daga baya ya yi ma Harvard wasa yana karatun shari'a, aka sa shi cikin gwanayen ƙasa a 1892 da 1893, kuma a 1911 ya zama mataimakin babban lauyan gwamnatin tarayya.

Mai agogo ya gyara wasa

Cikin samarin da suka shiga Yale a 1876 akwai Walter Camp. Ya yi wasa, ya zama kapiten, kuma ya ci gaba da zama cikin kwamitocin dokoki har rasuwarshi a 1925. Sana'arshi a kamfanin ƙera agogo ta New Haven take, inda ya hau har ya zama shugaba, kuma tunaninshi irin na mai agogo ne: kowane ƙarfe da wurinshi, kowane motsi da lokacinshi.

A 1880 ya sa aka rage ƴan wasa daga 15 zuwa 11, aka kuma daina cakuɗuwar rugbi: ɓangarori biyu su jeru fuska da fuska, ɗaya yana riƙe da ƙwallo. A 1882 aka ƙara da cewa mai riƙe da ƙwallo yana da dama 3 ya ci gaba da yadi 5, wajen metir 4 da rabi, in ya kasa ya miƙa ta. Don a iya aunawa aka ja fararen layuka a fili. Daga nan wasan ya rabu da rugbi, ya zama ƙwallon Amurka.

Waɗannan dokoki sun sake yanayin wasan ta wata fuska da ba a hango ba. Tunda ana tsayawa bayan kowane yunƙuri, akwai lokacin shirya dabara. Tunda akwai dabara, ana bukatar mai tsara ta. Kuma ɗalibin da zai bar makaranta bayan shekara 4 ba zai kai tsohon hannu sani ba. Ta wannan ƙofa tsoffin ɗalibai suka shigo. A 1888, ƙarƙashin jagorancin Camp, Yale ta yi wasa 13 ta cinye duka, ta tara kusan maki 700, ba a ci ta ko ɗaya ba. Kapiten yana nan da sunanshi, amma kowa ya san gidan da ake zuwa da dare a amso shawara.

Kuɗi masu gidan rana

Amurkawa suna da ranar hutu a ƙarshen Nuwamba da suke kira ranar godiya ga Allah. Tun daga shekarun 1880 aka saba yin babban wasan shekara a wannan rana a birnin Niyok, mafi yawa tsakanin Yale da Princeton. A 1893 mutane wajen dubu 40 suka taru, Princeton ta ci 6 da nema. Attajirai na hayar kekunan doki, a yi masu ado da launin makaranta, a bi manyan tituna ana busa ƙaho. Wasu majami'u sai da suka matso da lokacin addu'a don kada su rasa masu ibada. Jaridu masu gasar neman masu saye suka buɗe ma wasan shafuna. Da dare kuma ɗalibai su cika gidajen wasan kwaikwayo da mashaya, ƴan sanda su kwana suna kame.

Kuɗin ƙofa ya tashi daga ɗaruruwa zuwa dubban dalar Amurka a wasa ɗaya. Duk ɗan kasuwa ya san abin da ke biyo baya in aka bar irin wannan dukiya hannun ma'ajin da ake sakewa kowace shekara, ba littafi, ba mai bincike. A Yale aka haɗa asusun wasanni duka wuri ɗaya, aka damƙa ma Camp. Zuwa 1905 ajiyar da ke ciki ta kai wajen dala dubu 100, kuma jami'ar ba ta da iko a kanta.

Inda cin wasa ya zama kuɗi, sai an nemi mai cin wasa ko daga ina. Aka fara ganin ƴan ci-rani na ƙwallo, masu yin rajista yau su ɓace bayan wasa. Misalin da aka fi sani shi ne na Fielding Yost: a 1896 yana ɗalibi a jami'ar West Virginia, ya bayyana cikin ƴan wasan Lafayette a ranar da suka ci Pennsylvania 6 da 4, bayan ƴan kwanaki ya koma inda ya fito. Wasu kuma tsoffin ɗalibai masu kuɗi ke biya masu makaranta da ɗaki da abinci a asirce. A baki kowa na cewa wasa na ƴaƴan mutunci ne da ba su amsar lada.

Magabata sun farka

Charles William Eliot ya shugabanci Harvard daga 1869 zuwa 1909. Ba maƙiyin motsa jiki ba ne, don shi kanshi ya yi tuƙin kwale-kwale da ƴan makarantar a 1858. Shi ne kuma ya fi kowa sassauta ma ɗalibai: ya bar su su zaɓi darussan da suke so, kuma a 1886 aka soke addu'ar dole. Amma wannan mutum da ya kwance masu mari a aji shi ne ya fara neman ɗaure wasanni.

Besbol ce ta jawo. A 1882 ƴan wasan Harvard suka tsara wasa 28, 19 daga ciki a wajen gari. Malamai suka tambaya: yaushe ake karatu? Aka kafa kwamitin malamai 3 don sa ido. Kwamitin ya hana ɗaukar mai horarwa na haya, ya hana karawa da ƴan wasan sana'a, ya taƙaita tafiye-tafiye. Sai dai dokar da ta ɗaure makaranta ɗaya ta bar abokan hamayyarta sake ba ta haifar da komai sai shan kaye. Eliot ya nemi sauran jami'o'i su bi sahu. Aka tsara ƙa'idoji na bai ɗaya a ƙarshen 1883 da farkon 1884, da sharaɗin za su fara aiki in makarantu 5 suka amince. Ba a sami 5 ɗin ba. Yale, wadda ke cin kowa, ba ta ga dalilin taɓa abin da ke tafiya daidai ba, ɗalibai kuma ko'ina suka yi ca, suna cewa wasa nasu ne.

Harvard ta hana ƙwallon Amurka a 1885, ta maido da ita a 1886. A 1888 aka sake fasalin kwamitin ya zama mutum 9: malamai 3, tsoffin ɗalibai 3, ɗalibai 3. A takarda raba daidai ne. A aikace ɗalibai da tsoffin ɗalibai bakinsu ɗaya, malamai suka zama ƴan tsiraru. Kuma tsakanin ɗalibin da zai wuce baɗi da tsohon ɗalibi mai ofis da kuɗi da sanayya, an san wanda maganarshi ke da nauyi. Makarantu da dama suka kwaikwayi wannan tsari.

A daidai wannan lokaci wasu makarantu na gwada ba ɗalibai hannu a sha'anin ladabtarwa. A Illinois, daga 1870 zuwa 1883, ɗalibai sun yi gwamnatinsu mai majalisa da kotu, har rigingimun zaɓe suka kashe ta. A Amherst shugaba Julius Seelye ya kafa majalisar ɗalibai 10 a 1883, shi ke jagorantar zama kuma yana da ikon hawa kujerar naƙi. Ta watse a 1894, zamanin magajinshi, da ɗalibai suka ga ana yanke hukunci ba da su ba. Waɗanda suka ɗore su ne waɗanda aka ba iko ƙarami amma na gaske: ƙungiyar mulkin kai ta ƴan matan Bryn Mawr ta 1892, da tsarin Princeton na 1893 inda ake rubuta jarrabawa ba mai gadi, ɗalibai da kansu su hukunta mai satar amsa. A waɗannan wurare ba kuɗin ƙofa, don haka ba wanda ya yi rububin amshewa.

Jini a fili

A 1888 aka halatta kama mutum ƙasa da ƙugu. Gudu a sarari ya yi wuya, sai aka koma tara ƙarfi wuri ɗaya a tura. Ƴan wasa ba su da hular kariya. Dogon gashi suke tarawa ya tsare masu kai. A 1892 wani ɗan kasuwar Boston mai suna Lorin Deland, gwanin darar Turawa, mai nazarin yaƙe-yaƙen Napoleon, wanda bai taɓa buga wasan ba, ya tsara ma Harvard wata dabara: ƴan wasa su taso a guje daga nesa ta ɓangare biyu, su haɗe kamar tsinin kibiya, su afka ma mutum ɗaya. Shekara ta gaba kowa ya kwaikwaya. A 1894 aka haramta ta, amma turereniyar ba ta ƙare ba.

Ranar 24 ga Nuwamba 1894 Harvard da Yale suka kara a Springfield. Yale ta ci 12 da 4, amma ba sakamakon aka riƙe ba. An karya ma wani ƙashin kafaɗa, an fasa ma wani hanci, an kai wani asibiti bai san inda kanshi yake ba, an kori wasu saboda naushi. Makarantun biyu ba su sake haɗuwa ba sai 1897. Karawar makarantar hafsoshin ƙasa da ta hafsoshin ruwa ma an dakatar da ita bayan wasan 1893, ba ta dawo ba sai 1899.

A 1895 majalisar malaman Harvard ta jefa ƙuri'a a soke wasan. Majalisar amintattu, wadda ke riƙe da dukiyar jami'a kuma ke sauraren tsoffin ɗalibai, ta ce wannan hurumin kwamitin wasanni ne. Aka ci gaba da wasa. Eliot ya yi ta sukar ƙwallon cikin rahotanninshi na shekara-shekara har ya sauka, bai iya kashe ta ba.

A jahar Georgia abin ya kai ga majalisar dokoki. A ƙarshen Oktoba 1897 wani ɗalibi mai suna Von Gammon ya rasu sakamakon bugun da ya sha a kai a wasa da Virginia. Ƴan majalisa suka zartar da dokar haramta wasan. Mahaifiyar mamacin ta rubuta takarda tana roƙon kada a yi amfani da mutuwar ɗanta a kashe abin da ya fi so a duniya. Gwamna William Atkinson ya ƙi sa hannu, dokar ta mutu.

Shikago: shugabanni sun gano riba

Yayin da Eliot ke faɗa da wasa, wani shugaban ya ga abin da za a ci da shi. Jami'ar Shikago ta buɗe a 1892 da kuɗin attajirin man fetur John D. Rockefeller. Sabuwa ce, tana da gine-gine da malamai, ba ta da suna. Shugabanta William Rainey Harper ya ɗauko tsohon gwanin Yale, Amos Alonzo Stagg, ya ba shi muƙamin malami da albashi na dindindin, aikinshi ya kafa ƙungiya mai cin wasa wadda za ta sa jaridu su riƙa ambaton makarantar. Mai horarwa ya zama ma'aikacin jami'a, wasa ya zama talla.

Ranar 11 ga Janairu 1895 shugabannin jami'o'i 7 na tsakiyar ƙasar suka zauna a otel ɗin Palmer House a Shikago, bisa kiran James Smart na Purdue. Suka amince cewa ba mai wasa sai ɗalibi na gaske, mai cikakken karatu, wanda ba a bin shi bashin jarrabawa, kuma ba ya amsar lada. A Fabrairu 1896 wakilan malamai suka kafa ƙungiyar da a yau ake kira Big Ten. A auna tazarar: a 1876 ɗalibai kaɗai ke cikin ɗakin otel, shekara 20 bayan haka ba ɗalibi ko ɗaya a ciki.

Akwai baƙon da ya zo kallon wannan duniya daga Faransa. A 1889 ma'aikatar ilimi ta ƙasar ta aiki Pierre de Coubertin ya zagaya jami'o'in Amurka da Kanada, ya kuma wallafa littafi a kan tafiyar a 1890. Abin da ya burge shi shi ne yadda samari ke tafiyar da ƙungiyoyinsu da kansu, saɓanin lise na Faransa mai kama da bariki. Abotar da ya ƙulla da malamin Princeton William Sloane ta taimaka wurin farfaɗo da wasannin Olimpik. Amma da lokacin ya zo a 1896, wani ɗalibin Harvard mai suna James Connolly ya nemi izinin zuwa Atina aka hana shi. Ya ajiye karatun ya tafi. Ranar 6 ga Afrilu ya yi tsallen taku uku na metir 13,71, ya zama zakaran farko na Olimpik na zamani. Bai koma aji ba.

Abin da aka gada

Rikicin ya kai ƙarshenshi a 1905, shekarar da jaridu suka ƙirga aƙalla mutum 18 da suka mutu a filin ƙwallo, da yawansu ƴan sakandare. A Oktoba shugaban ƙasa Theodore Roosevelt, tsohon ɗalibin Harvard mai son wasan, ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarshi. Columbia ta soke wasan, Stanford da California suka koma rugbi. A ƙarshen Disamba wakilan makarantu 62 suka taru a Niyok, suka aza harsashin ƙungiyar da tun 1910 ake kira NCAA. A 1906 aka halatta jefa ƙwallo gaba, aka maida yadi 5 zuwa 10, don a warwatsa cunkoson. An ceci wasan, an rage mace-mace sannu a hankali, kuma ikon ya tabbata hannun jami'o'i.

Daga tsarin ɗalibai na farko abu ɗaya aka riƙe gam: cewa ɗan wasa ba ya amsar kuɗi. Wannan ƙa'ida ta samo asali ne daga ƴaƴan attajirai da ba su bukatar lada. An ci gaba da aiki da ita fiye da shekara 100, a kan samarin da da yawansu talakawa ne, baƙar fata, alhali filin jami'ar Michigan na ɗaukar mutum fiye da dubu 107, wasu masu horarwa na amsar sama da dala miliyan 10 a shekara, gidajen talabijin kuma na biyan miliyoyi. A 2014 ƴan wasan Northwestern, ɗaya daga cikin makarantu 7 na taron 1895, suka nemi kafa sandika. A 2015 hukumar ƙwadago ta ƙasa ta ƙi shiga maganar. A Yuni 2021 alƙalai 9 na kotun ƙoli suka yanke hukunci baki ɗaya a kan NCAA game da iyakar tallafin karatu, kuma daga 1 ga Yuli na shekarar aka bar ƴan wasa su ci kuɗin talla da sunansu. A Yuni 2025 wata kotun tarayya ta amince da sulhun da ya tanadi diyyar kusan dala miliyar 2,8 ga tsoffin ƴan wasa, ya kuma ba kowace jami'a damar raba ma ƴan wasanta har wajen dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko.

Ba za a ce malaman 1882 ba su da gaskiya ba. Karatu na lalacewa, ana karya ƙasusuwa, kuɗi na yawo ba lissafi. Dole wani ya tsawata. Sai dai ba malaman ne suka ci gajiyar tsawatawar ba, don su ma an ture su gefe a 1895. Ikon ya tafi wurin masu ɗorewa da masu riƙe da asusu: tsoffin ɗalibai, amintattu, shugabanni da masu horarwa. Ɗalibi baƙo ne na shekara 4. Kafin ya gane kan littafin kuɗi ya amshi takardarshi ya tafi, wanda ya gaje shi kuma ya faro daga farko. Duk wanda ya taɓa zama cikin kwamitin wata ƙungiya, ta ƴan kasuwa ko ta ma'aikata, ya san wannan: kujera uku cikin tara ba ta hana komai in mabuɗin akwati na aljihun wani. Kura ta fara samun rabonta a ƙarni na 21, amma ta hannun alƙali ta same shi, kuma har yanzu gardi ke riƙe da igiya.